Masu haɗa biki a Basalona

Kafin 1897, Sants, unguwar da nake zaune, gari ce mai cin gashin kanta, da magajin garinta da manyan masaƙunta. Haka Gràcia take, haka Sant Andreu da Sant Martí. A shekarar ne Basalona ta haɗiye su duka suka koma unguwanni. Amma har gobe, idan tsohuwar da ke zaune a hawan da ke ƙasa da namu za ta shiga tsakiyar birni, cewa take yi za ta je Basalona, sai ka ce mai shirin bulaguro, alhali tasha kaɗan ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wanda bai san wannan ba zai sha wuya kafin ya gane bukukuwan garin nan. Kowace unguwa tana da babban bikinta na shekara, wanda suke kira festa major, kuma ba hukuma ke shirya musu ba. Majalisar birni takan ba da ɗan tallafi, ta rufe hanya, ta turo masu shara, amma aikin kansa na maƙwabta ne: direban bas, malamar makaranta, mai gyaran famfo, 'yan fansho, bayan kowa ya tashi daga nemansa, kuma ba a biyan kowa ko sisi.

'Yan uwa a gida da sun ji an ce Basalona, ƙwallo ke faɗo musu a rai, kuma ba laifinsu ba ne. Ni kuwa waɗannan masu aikin sa kai su suka kama zuciyata, domin ta hannunsu na daina zama baƙuwar da ake yi wa sannu a matakala a wuce.

Bikin Sants yana faɗowa ne a makon 24 ga Agusta. Tituna irin su Alcolea, Sagunt, Guadiana da Vallespir kowanne da kwamitinsa, kuma gasar ƙawata titi ake yi. Ba ƙawar tuta da balan-balan nake nufi ba. Titi sukutum ake mayarwa wata duniya daban: bana ƙarƙashin teku, baɗi dajin namun dawa, wata shekarar tashar jirgin ƙasa ta zamanin da. Ana rufe saman titin daga wannan bango zuwa wancan, mutum ya shiga ya manta cewa a nan yake ajiye babur ɗinsa. Kusan duk abin da ido zai gani kuma daga shara aka ceto shi: gorunan ruwa na roba, murafen kwalba, kiret ɗin ƙwai, tsofaffin jaridu, kwali, waya, sai gam da fenti.

Tun lokacin sanyi ake zama a zaɓi jigon shekara, kuma ba a tashi sai an yi musu har murya ta dishe. Da an tsai da magana sai ka ga takarda manne a ƙofar kowane gida: muna neman gorunan roba kore, kada a zubar. Daga nan kusan kullum da yamma akwai wani a cikin ɗan shagon da kwamiti ke haya, yana yanka, yana liƙawa, yana shafa fenti. Ni ta wata hanya ta daban na shiga. Wata rana aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga tsohuwar nan ce, gabana ya faɗi, don na ɗauka ƙarar keken ɗinkina ce ta hana ta sakat. Ƙarar ce kuwa ta kawo ta, amma ba da ƙorafi ba. Buhu ne a hannunta cike da tsofaffin zannuwan gado shuɗɗa. Ta ce, “'Yata, tun da kina da keke, teku muke so.” Na kwashe watanni ina yanka zannuwan nan ina haɗa su, mai duhu a ƙasa, mai haske a sama, yadda idan iska ta kaɗa za su yi kamar igiyar ruwa.

Daren jajibiri ba a barci. Sai an hana motoci shiga sannan a fito da kaya, a kafa tsani, a ja igiyoyi daga baranda zuwa baranda, a rataye aikin shekara guda kafin gari ya waye. Wanda ya taɓa zuwa gayyar noma a ƙauye zai gane yanayin nan take: ba mai tsayawa kallo, ga masu kawo abinci, ga masu tsokanar wanda ya gaji, kuma abin kunya ne a ce titinku ya zo baya. Da rana ta fito na ga zannuwana a sama, kifayen roba suna lilo a ƙarƙashinsu, yara suna wucewa da baki buɗe, sai da na koma gefe na share ido.

A cikin makon akwai daren da ake jera tebura a tsakiyar titi daga wannan baki zuwa wancan, a ci abinci tare. A nan Musulmi sai ya buɗe ido, don abin da aka fi gasawa shi ne botifarra, naman alade ne da ake niƙawa a ɗura a hanji. Shekarar farko abin da na ci kawai shi ne burodinsu da ake goga wa tumatir a zuba man zaitun da gishiri. Da suka lura, ba tare da na roƙa ba, aka ware murhu daban, aka sayo kaji daga mahaucin halal na bakin hanya. Ni kuma nakan sauko da tukunyar dafa-duka da zoɓo mai citta da kanumfari, har ta kai tun watan Yuli ake tare ni a tambaye ni ko za a samu jan ruwan nan bana. Idan dare ya yi nisa, giya ta fara yawa, kiɗa ya ƙara ƙarfi, sai in tattara yarana mu hau sama. Ba wanda ya taɓa ce mini don me.

Wanda ya fi suna shi ne na Gràcia, da ke farawa 15 ga Agusta, mako guda kafin namu. Ƙawarsu ta fi tamu girma, gaskiya ce ko da ba na son faɗa a gaban mutanen titinmu. Sai dai cunkoson ya kai inda ba masaka tsinke. A titin Verdi layi ake bi kafin a shiga, ta baki ɗaya ake shiga a fita ta ɗayan, kuma duk shekara sai an samu waɗanda suka sha suka yi tatul sun fizge abin da wata tsohuwa ta yi wata uku tana liƙawa. Mai son gani ya je da safe, lokacin da masu titin ke zaune a ƙofar gidajensu suna gyara abin da aka ɓata da dare. A lokacin ne za su ba ka labarin yadda aka yi kowane abu.

A 2017 Gràcia ke cika shekara 200 da fara bikinta. Ana tsakiyar shagali, ranar 17 ga Agusta, wani ya bi ta kan mutane da mota a La Rambla, sanannen titin da ke tsakiyar birni, aka rasa rayuka, da yawa suka jikkata, kuma waɗanda suka ƙulla abin da sunan addinina suka yi shi. Aka dakatar da kiɗe-kiɗe, gari ya yi tsit. Na kulle kaina a gida ina tunanin irin kallon da za a yi wa mai hijabi a kan titi. Washegari da yamma tsohuwar nan ta hawo. Ba ta yi mini doguwar magana ba. Cewa ta yi akwai labule biyu da ba a kalmashe bakinsu ba, bikinmu kuma ya matso, in sauko. Na ɗauki zare da allura na bi ta.

Abin da ya fi komai shiga gidanmu kuwa shi ne hasumiyar mutane, wadda suke kira castell. Asalinta daga garin Valls ne kusa da Tarragona, a ƙarshen ƙarni na 18, kuma a 2010 UNESCO ta sa ta cikin al'adun da duniya ta gada. A hoto abin da ake gani shi ne mutane a kan kafaɗun juna hawa-hawa, da ƙaramin yaro a can ƙololuwa. Amma yawancin masu aikin ba sa fitowa a hoto. Suna ƙasa, a cikin tushen da ake kira pinya, inda mutum ɗari ko fiye ke matsuwa, ƙirjin wannan a bayan wancan, kai a sunkuye, hannuwa a miƙe suna tallafe da na hawa na biyu. Su ne ke ɗaukar nauyin, su ne kuma katifar da za a faɗo a kai idan abu ya ɓaci. Tun da ba sa ganin sama, kiɗa ke gaya musu inda aka kwana. Ana busa wata ƙaramar algaita mai kaifin murya da ake kira gralla, tare da ganga, kuma sautin yana canzawa daidai da hawan, har na ƙasa ya san yanzu yaro ya kai sama, yanzu an fara saukowa, ya ƙara cije haƙori.

Kowace hasumiya da lissafinta take amsa suna. Idan aka ce uku na takwas, mutum uku ne a kowane hawa, hawa takwas. Mafi tsayin da aka taɓa kaiwa shi ne hawa 10, kuma a 1998 aka fara cim ma hakan. Masu hawa ba sa sa takalmi. Farin wando ne da rigar ƙungiya, ta Sants ruwan toka ce, ta Castellers de Barcelona ja, sai baƙar ɗamara doguwa da ake naɗewa tam a ƙugu. Ɗamarar tana kare baya, kuma ita ce matakalar da mai hawa ke saƙala yatsun ƙafa a ciki. Za ka ga suna cije bakin kwalar riga da haƙori, don kada rigar ta zame a ƙarƙashin ƙafar wanda ke tsaye a kafaɗarsu. Ɗan ƙaramin da ke hawa na ƙarshe, enxaneta, yakan ƙetara ƙololuwa ya ɗaga hannu, dandali ya ɗauki sowa. Amma masu abin ba sa murna tukuna, domin a wurinsu aiki bai cika ba sai an sauko hawa-hawa ba tare da an rushe ba, kuma saukowar ta fi wuya, don a lokacin ƙafafu sun fara rawa. Da can maza ne kawai ke yi. Daga shekarun 1980 mata suka shigo sosai, kuma yau yawancin waɗanda za ka gani a saman hasumiya 'yan mata ne.

Ranar da 'yata ta fara ganinsu a dandalin unguwa, ta ja mini hijabi ta ce, “Umma, ni ma zan hau.” Babanta ya ce sam, ba da 'yarsa ba. Ta yi ta naci har ya ce to, zai je wurin gwajinsu ya gani da idonsa. Ya tarar da raga an ɗaura, ƙasa an shimfiɗa abu mai taushi, akwai manya da aikinsu kawai kula da yara, kuma ba a tilasta wa yaron da ya ce yau ba ya jin hawa. Yana tsaye yana nazari, sai wani dattijo ya kamo hannunsa ya ce ga giɓi nan, dafa bayan wannan. Tun daga ranar maigida yana da tasa ɗamarar. Ni ban shiga tushen, don matsatsi ne na maza da mata, na kuma faɗa musu dalilina a fili, ba wanda ya ɓata rai. Aikina shi ne wandunan da suka yage da rigunan da maɓallinsu ya tsinke, kuma ba sa ƙarewa.

Tsoro kam yana nan. A 2006 wata yarinya 'yar shekara 12 ta rasu a Mataró bayan hasumiya ta rushe da ita, kuma daga nan ne hular kwano ta zama dole ga yaran da ke hawa sama. Na san wannan sarai. Duk ranar da 'yata ta tuɓe takalmi ta kama ɗamarar na gabanta, bakina ba ya rabuwa da addu'a har sai ƙafarta ta taɓa ƙasa. Abin da ya sa na bari shi ne abin da na gani ya canza a jikinta. Yarinyar da ke jin nauyin buɗe baki a aji, saboda ita kaɗai ce baƙar fata, ta koma wadda manya ɗari ke kiran sunanta a titi. Na ga mai aikin banki da magini da likita sun sunkuyar da kai wuri ɗaya domin 'yar ƙaramar ƙafarta ta samu wurin takawa.

Babban bikin birnin gaba ɗaya shi ne La Mercè, 24 ga Satumba, ranar hutu ce a Basalona. Tushensa na addinin Kirista ne. A 1687 fari suka afka wa garin, majalisar birni ta yi alkawari ga Nana Maryamu da laƙabin da suke mata na Mercè, da annobar ta wuce suka ɗauke ta majiɓinciyar gari. Paparoma ya tabbatar da haka a 1868, majalisar birni kuma ta fara shirya bikin a hukumance a 1871. Kafin ita akwai Eulàlia, yarinya 'yar shekara 13 da aka kashe saboda imaninta a zamanin Rumawa, wadda don tunawa da ita ake kiwon dinya 13 a harabar babbar majami'ar garin. Nata bikin yana 12 ga Fabrairu, ƙarami ne, na yara. Idan aka yi ruwa a lokacin La Mercè, kuma yakan yi, sai mutanen gari su ce Eulàlia ce ke kukan an yi mata kishiya. Ni ba na shiga majami'a don addu'arsu, ba kuma wanda ya nemi in shiga. Abin da ke kan titi na kowa ne.

A kan titin akwai dogayen mutum-mutumi, gegants, masu tsayin mita uku zuwa huɗu, sarakuna da sarauniyoyi cikin manyan riguna. Mutum ɗaya ne ke shiga ƙarƙashin rigar ya ɗauki katakon a kafaɗa, yana leƙe ta wata 'yar raga, ya yi ta juyi da shi a kan kiɗa. Ɗaya daga cikin mafi tsufa, na majami'ar Santa Maria del Pi, sunansa Mustafà, an yi shi da siffar Balarabe. Ɗana ya yi ta tsalle da ya ji sunan. Ni kuwa sai da na tsaya na yi tunani. Musulmi sun riƙe garin nan kusan shekara 80 kafin a ƙwace shi a 801, kuma ƙungiyar limaman Mercè ɗin kanta an kafa ta ne a nan a 1218 domin fansar Kiristocin da ke hannun Musulmi. Wato muna cikin tarihin bikin, amma a matsayin abokan gaba. Na gaya wa yarana haka ba tare da na ɓoye komai ba, na kuma nuna musu yadda yaran gari ke bin Mustafà da gudu suna kiran sunansa da ƙauna.

Da dare sai correfoc, gudun wuta. Ƙungiyoyi ke fitowa cikin shigar shaiɗanu, da sanduna masu fesa tartsatsi, da dodanni masu fitar da wuta ta baki, ganguna na tashi, mutane kuma su shiga ƙarƙashin tartsatsin suna rawa. Shekaru da yawa a titin Via Laietana aka riƙa yi. Shigar shaiɗanun ba ta kwanta mini ba, kuma ba na shiga ciki, daga nesa nake tsayawa. Amma na fahimci abin da yake nufi a wurinsu. Franco ya mulki Sifaniya daga 1939 har ya mutu a 1975, ya kori Katalan, harshen mutanen wannan yanki, daga makaranta da ofis, ya hana bukukuwan titi irin su carnaval. Tsohuwar nan ta ce a makaranta ana hukunta su idan harshen gida ya suɓuce musu. A 1979 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko bayan mulkin kama-karya, kuma a La Mercè ta shekarar aka fara gudun wutar nan a Basalona. Mutanen da aka hana titi shekara arba'in ne suka fito suka karɓe shi da ƙara da hayaƙi. 'Yar uwa mai niyyar matsawa kusa, ki sa hijabin auduga mai kauri, don na roba tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Akwai na yara da ake yi da wuri, wutarsa ba ta da ƙarfi. Daren ƙarshe kuma ana rufewa da wasan wuta da kiɗa a gindin dutsen Montjuïc.

Ranar da na fi so a shekara ba ta da hutu ma. Ita ce 23 ga Afrilu, Sant Jordi. Kowa yana zuwa aiki, amma gari gaba ɗaya ya koma kasuwar littafi da furen wardi. Tatsuniyarsu ta ce wani jarumi ya kashe dodon da zai cinye 'yar sarki, daga jinin dodon wardi ya tsiro. Kyautar wardi tsohuwar al'ada ce, littafi kuma ya shigo ne wajen 1930, da aka mayar da ranar littafi ta Sifaniya zuwa wannan rana, sannan a 1995 UNESCO ta mai da ita ranar littafi ta duniya. Da can namiji ke ba da fure, mace ta ba da littafi. Yanzu kowa na ba kowa. Ana sayar da miliyoyin wardi a Kataloniya, yankin da Basalona take ciki, a yini ɗaya, mafi yawansu an shigo da su ne daga Kolombiya, kowanne da zangarniyar alkama da ƙyalle mai ratsin ja da rawaya. Littattafai sama da miliyan ɗaya ke fita, da rangwamen kashi 10 cikin 100. A Passeig de Gràcia da La Rambla za ka ga layi ya miƙe, ba na burodi ba, ba na mai ba, mutane ne riƙe da littafi suna jiran marubuci ya sa musu hannu. Ɗalibai kan kafa tebur a kusurwar titi suna sayar da fure don tara kuɗin tafiyar ƙarshen shekara, kuma a wurinsu maigida ke sayo nawa. Burodin ranar mai ratsin ja dai a bar shi, da naman alade ake yin jan.

Daren 23 ga Yuni, Sant Joan, rabi ina so rabi ba na so. Abin da nake so shi ne labarin wutar. Akwai wata wuta da ake ajiye da ita duk shekara a Perpignan, cikin Faransa. Ranar 22 ga wata a hau da ita ƙololuwar dutsen Canigó, a sabunta ta, washegari masu sa kai su rarraba ta a ƙafa da keke da mota zuwa garuruwan da ake jin Katalan, har ta iso dandalin Sant Jaume, inda wakilan unguwanni ke ɗiba su kai gida su kunna tasu. An fara wannan a 1955, kuma sai a 1966 wutar ta ƙetaro iyaka. A unguwa a tara tsofaffin katakai a cinna, a ci coca, wani faffaɗan burodi mai zaƙi da 'ya'yan itace a sama, amma a tambaya, don akwai mai kitsen alade. Abin da ba na so shi ne nokawut. Tun kwanaki kafin ranar ake fasa su, a daren kuma har asuba, jarirai na firgita, karnuka na kuka, marasa lafiya ba barci. Sai bakin tekun Barceloneta, inda dubban mutane ke kwana suna sha, su tashi su bar wa masu shara tulin kwalabe. Wannan ɓangaren ba shi da kwamiti, ba shi da mai shi, kuma ana gani a jikinsa.

Na lokacin sanyi na yara ne. Ƙarshen Oktoba ana gasa castanya, wani ɗan itace mai ɓawo, da dankalin Hausa a bakin titi, a naɗe maka a takarda. A Disamba kasuwar Santa Llúcia ke ci a gaban babbar majami'a, tun 1786. Ranar 5 ga Janairu sarakuna uku na labarin haihuwar Annabi Isa ke isowa ta jirgin ruwa, magajin gari ya tarbe su ya miƙa musu makullin birni, su zaga gari ana watsa alewa. Sai 3 ga Maris, Sant Medir, da ake fitowa da dawaki da kekunan doki da manyan motoci a Gràcia ana ruwan alewa, mutane na juya lema sama don tara. Yara don alewa suke zuwa, ni don dawakin.

Namu bikin fa? Sallah a nan ranar aiki ce kamar kowace. Basalona ba ta da babban masallacin da aka gina don ya zama masallaci, sai ƙananan wuraren salla a ƙasan gidaje, don haka ana yin Idi ne a zaurukan wasanni da ake ara. Akwai yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnatin Sifaniya da hukumar Musulmin ƙasar, wadda ta ba ɗalibi damar rashin zuwa makaranta ranar Idi idan iyaye suka nema, ma'aikaci kuma sai ya daidaita da mai aikinsa. Da yawa daga cikinmu ba su san da ita ba, ya kamata a sani. Ba a yanka a gida, sai a ba mahauci saƙo ya kai mayanka, naman ya iso daga baya. Da azumi akan yi buɗa-baki na taro a Rambla del Raval, inda 'yan Pakistan da Maroko suka fi yawa, kuma waɗanda ba Musulmi ba suna zuwa su zauna. Ni dai duk Babbar Sallah nakan bi ƙofofin benenmu da soyayyen nama, kuma yanzu mutanen kwamiti su ke fara tambayata yaushe ne bikinmu bana, tun da ranar tana matsawa.

Abin da ke damuna shi ne masu haɗa bikin suna raguwa. Kuɗin haya ya yi tashin da 'ya'yan unguwa ba sa iya zama inda aka haife su. Jikan tsohuwar nan, wanda shi ke hawa tsani mafi tsayi a daren jajibiri, ya koma wani gari a wajen birni, sai ya shigo jirgin ƙasa yake zuwa taya mu. Gidajen da aka san masu su sun koma na kwana uku, yau wannan da akwati, gobe wancan. Baƙon kwana uku zai ɗauki hoton kifin roba ya yaba, amma ba zai tara mana gora tun Janairu ba. A 2024 magajin gari Jaume Collboni ya sanar cewa zuwa ƙarshen 2028 za a daina sabunta lasisin gidajen haya na 'yan yawon buɗe ido, kimanin 10,000. Ina goyon bayan hakan da zuciya ɗaya, ina kuma fatan kada a janye.

A namu titin matsalar ta riga ta iso ƙofa. Mai shagon da muke aiki a ciki ya ce idan wa'adin haya ya cika ba zai sabunta ba, ya samu mai ba shi ninki. Ba mu da inda za mu ajiye tsani da igiyoyi da buhunan gora, balle wurin yanka da fenti. An rubuta takardar neman wuri, an kuma raba mu mu bi shagunan da ke rufe a unguwa mu nemo masu su. Ni an ba ni layin bayan kasuwa, ni da wata 'yar Ekwado da ta shigo kwamiti bara, kuma ranar Alhamis za mu kai rahoton abin da muka samo.